Murya Mai Kaifi a Falon Tsohon Direba

Ga ta nan, ga ta nanku, na zaune da na tsaye a bakin ƙofa.

Ta zo mu ji ta, in dai za ki kai ta ƙarshe.

Zan kai ta, in kun bar ni na riƙa numfasawa.

An yi wani tsohon direban babbar mota, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan titi har ƙugin inji ya cinye masa rabin ji. Duk layinsu Direba ake ce masa, ko da yake rabonsa da sitiyari an daɗe. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna ɗakunansu, ɗansa namiji tilo kuwa yana aiki a jirgin ruwa na dakon kaya, irin wanda in ya shiga teku sai a yi makonni ba a ji ɗuriyarsa ba. Saboda haka gidan daga tsoho sai matar ɗan. Shi yana ce mata 'yar nan, ita tana ce masa Baba, kuma ba a taɓa jin kansu ba.

A falon gidan akwai lasifika biyu manya masu akwatin katako, tsayinsu ya kai ƙugun mutum. Tun yana ji da ƙarfinsa ya saye su, ya ɗauko su a gaban mota ya ɗaure su da bel kamar fasinjoji. Marigayiya takan ce ya fi shafa su a kan yadda yake shafa kan 'ya'yansa. Tun da ta rasu ya daina sa waƙa a cikinsu, sai ya rage musu aiki ɗaya tak. A tsakiyar teku babu sabis, ba a kira, sai dai in jirgi ya tsaya a wata tasha yaron ya turo saƙon murya. Muryar waya kuwa ta yi wa kunnen tsoho ƙanƙanta. To kafin yaron ya tafi sai ya haɗa masa kebul daga wayar zuwa injin da ke ba lasifikan ƙarfi. In saƙo ya shigo, Direba ya tura ƙofar falo, ya zauna a kujerarsa, ya danna. Sai muryar ta cika ɗakin, mai taushi, mai kauri, kamar ga yaron nan zaune a kan kafet yana miƙe ƙafa.

Ana nan sai ciwon ƙirji ya kama tsoho, ya kwantar da shi a asibiti. Likita ya ce ƙura ce babbar abokiyar gabarsa. Yaron da ya ji labari ya ce a yi duk abin da ya kamata. Surukar ta sa aka naɗe tsohon kafet aka shimfiɗa tayil, aka sauke labulayen marigayiya masu nauyi aka sa na roba masu layi-layi, aka fitar da kujerun yadi aka kawo na leda, aka sa kabad mai gilashi a inda tarin barguna suke. Da Direba ya dawo ya tarar falo yana ƙyalli kamar cikin kwano. Ya sa albarka. Ya ga masu aiki sun tura lasifikansa jikin bango, ya jawo su, ya durƙusa ya rufe ido ɗaya, ya saita bakin kowanne ya fuskanci kujerarsa sak, yadda ya saba saita fitilun mota su haska tsakiyar titi. Kunnensa kuma ya ɗan ƙara toshewa da zaman asibiti, sai ya murɗa maɓallin siririn sauti ya kai shi ƙarshe. Ku riƙe wannan, shi bai riƙe ba.

Saƙon farko ya shigo. Ya tura ƙofa, ya zauna, ya danna.

"Baba, sannu da jiki. Ka riƙa shan maganinka a kan lokaci. Kuma don Allah ka bar shiga garejin nan mai ƙura."

Kalmomin ba su da laifi, amma yadda suka fito ne ya tsaya masa a rai. Kowace "sa" da "sha" ta zo da tsini kamar ana goga wuƙa a faranti. Taushin nan ya tafi, sai kaushi, sai ka ce jami'in hanya ne ya leƙo ta taga yana neman takardu. Tsoho ya sake sa shi, ya sake ji. A karo na gaba ma bai ƙarasa ba.

Abu biyu suka hana shi sukuni. Yaron da bai taɓa ɗaga masa murya ba, yau shi ke masa tsawa. Sannan wa ya gaya masa zancen gareji? Da gaske tsoho yakan saci jiki da rana ya shiga ya goge tsofaffin sifanunsa na gyaran mota, amma a zatonsa daga shi sai Allah.

Ya ɗauki sandarsa ya nufi bakin layi wurin abokinsa Mai Gyara, wani tsoho mai gyaran rediyo wanda suka taso tare. Shagon ƙanƙane ne, an cusa shi da matattun rediyoyi, da kwalaye, da guntayen katifa, da buhuna, ga wani tsohon bargo rataye a ƙofa yana tare rana. Mutum biyu in sun zauna sai gwiwoyinsu su haɗu.

"Ka ga gawa ta ƙi rami," in ji Mai Gyara. "Na riga na wanke rigar da zan sa zuwa zaman makokinka."

"Ajiye ta, da ita za a rufe ka. Matsa mini."

Da ya zauna ya zayyana masa komai. Mai Gyara ya ajiye abin da ke hannunsa, ya sauke tabarau zuwa kan hanci. Shi mutum ne da in ka kawo masa zargi ɗanye sai ya dafa maka shi.

"Ruwa ba ya tsami banza. Wa kuke zaune da shi a gidan?"

"Ka san ko wa."

"To. Kai kana jin ɗanka a falo, ita tana jinsa a ɗaki. Ka san me take gaya masa? Tsoho ba ya shan magani, tsoho ba ya jin magana, tsoho ya zama kaya. Kaɗan-kaɗan ake cika randa."

"Yarinyar ba ta da wannan hali."

"Ni ma ban ce tana da shi ba. Tambaya na yi, wa ya san zancen gareji."

Direba ya koma gida da wannan tambaya a ƙirjinsa, ta fi masa ciwon nauyi. Daga ranar ya sa wa surukarsa ido. In ta kawo masa magani sai ya ga kamar ta daɗe tsaye tana kallon maƙogwaronsa. In ya ji tana dariya a waya a kicin sai ya rage tafiya, in ta yi shiru da ya wuce sai ya ce a ransa, biri ya yi kama da mutum. Har zare ya ɗaura a ƙofar gareji don ya gane ko tana shiga bincike. Da ya tarar zaren ya tsinke bai tuna da akuyar maƙwabta ba. Kullum da safe tana goge lasifikan da ƙyalle kamar yadda ta saba, shi kuwa yanzu sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hannunta.

"Baba, akwai abin da kake so ne?"

"Babu. Ci gaba da aikinki."

Amsar da ya tura wa yaron gajera ce, a tsaye ya yi ta a tsakiyar falo: "Na ji. Ina sha." Saƙon da ya dawo shi ma gajere ne, kuma ya fi na farko kaifi: "To Baba, Allah ya ƙara sauƙi." Babu labarin teku, babu tsokana. Tsoho ya ƙara gajarta tasa, yaron ya ƙara gajarta tasa, har gaisuwarsu ta koma kamar ta mutanen da suka haɗu a layin asibiti.

Wata rana da hantsi, bayan wani saƙo da ya sake ambaton magani, zuciya ta ɗebe shi. Ya miƙe tsaye, ya danna, ya kawo wayar bakinsa.

"Kai yaro, saurara. In an gaya maka na zama kaya a gidan nan, to a sauke kayan. Matarka ta koma gidansu har ka dawo. Ni na haife ka, ba na bukatar mai yi mini tsawa daga tsakiyar ruwa. In ba ka da murya sai wannan, ka riƙe abarka."

Ya tura. Alama ɗaya ta fito a gefen saƙon, wato bai isa ba, jirgi ya riga ya koma teku. Zai zauna a hanya har su kai tasha ta gaba. Da surukar ta kawo masa abincin rana, bai ɗago ido ba ya ce, "'Yar nan, ki haɗa kayanki. Ƙarshen mako ki je gida ki huta har mijinki ya dawo."

Ta ajiye kwanon a hankali. "Na yi laifi ne, Baba?"

"Na ce ki huta."

"To, Baba."

Ku kuwa kun san fushin uba da ɗa, wutar kara ce. Kafin rana ta faɗi kewa ta dawo ta zauna masa. Ya shiga falo ya lalubi wani tsohon saƙo da ya fi so, na tun kafin rashin lafiya, wanda yaron ke ba da labarin yadda mai dafa musu abinci ya zame da tukunya ranar da teku ta yi fushi, yana ba da labarin yana dariya har numfashinsa na ɗaukewa. Ya sha jin wannan saƙo, ya haddace inda dariyar take farawa. Ya danna.

Dariyar ta fito kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani. Labarin shi ne, kalmomin su ne, amma da irin tsinin nan da kaushin nan, sai ka ce yaron ba'a yake masa.

Tsoho ya tsayar da saƙon. Wannan saƙo ya riga zancen gareji, ya riga asibiti. Babu mai iya shiga cikin maganar da aka riga aka yi ya zuga ta. In haka ne ba yaron ya canza ba, akwatunan ne.

Da wani ne, nan zai tsaya ya ji kunya. Shi kuwa zarginsa bai mutu ba, kujera kawai ya canza. Wa ke taɓa lasifikan kullum? Mai ƙyalle. Ko ta zuba musu ruwa ta ɓoye, ko ta yar da ɗaya ta yi shiru.

Washegari ya aro baro, shi da Mai Gyara suka tura akwatunan da injinsu zuwa shago, ana tafe ana hutawa, mutanen layi suna tambaya ko ƙaura ake. Da ƙyar suka sami wuri a cikin kwalaye. Mai Gyara ya duba kebul, ya goge bakinsa, ya canza wani. Ya sa lasifikar dama ita kaɗai, ya sa ta hagu ita kaɗai. Ya kara kunne a ƙaramin bakin da ke sama, mai fitar da siririn sauti, ya ce ba ya karkarwa. Direba ma ya ɗauki sukuddireba ya ɗora tsininta a jikin katakon, ya manna mariƙin a kunnensa, yadda yake sauraron inji a da. Sannan suka sa saƙon tukunya.

Muryar ta fito lafiya lau. Da ɗan haske a sama, amma yaron ne, da dariyarsa.

"Ga ɗanka nan," in ji Mai Gyara. "Ƙurar kebul ce. Ko kuwa kunnenka ne ya tsufa ya fara ƙarya."

Suka sake turo baro zuwa gida. Direba ya durƙusa ya rufe ido ɗaya ya saita su yadda suke, ya zauna a kujerarsa, ya danna. Tsakuwa a gwangwani.

Ya juya a hankali ya dubi abokinsa.

"Wa ya haɗa mini kayan nan bayan an sa tayil?"

"Ni ne. Yarinyar ta kira ni, ta ce kada masu aiki su yi ɓarna."

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba."

"Tun muna da baƙin gashi kake cewa in sayar maka da su. Ka sami gida babu kowa, ka cire ƙananan na sama ka sa mini na bola. Yau kuma a shago ka haɗa da wasu da ka ɓoye a bayan kwali don in ji daɗi in yi shiru."

Mai Gyara ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ashe layi ya zo kaina. To je ka duba alamarka."

"Wace alama?"

"Haba Direba. Kai da ko taya aka kai faci sai ka ɗiga wa kusoshi fenti don kada a canza maka. Na ga jan fenti a kan kowace kusa tun ranar da na fara ganin akwatunan nan. Duba."

Tsoho ya haska fitilar waya ya bi kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Fentin yana nan, ya dushe amma bai tsage ba. Ba a taɓa kwance su ba tun da aka ɗaura.

"Baron ma na aro ne, sai ka mayar da kanka," in ji Mai Gyara, ya fita bai yi sallama ba.

To ga Direba ya ƙare da mutane. Ba yaron ba ne, ba abokin ba ne, akwatunan kuma a shago lafiyarsu ƙalau, wato babu ruwan da aka zuba musu. Ya kwana yana juya abin, har ya fara tunanin ko falon ne aka yi wa wani abu, ko marigayiya ce ba ta ji daɗin fitar da kayanta ba. Ya yi ta'awwuzi ya kawar da wannan. Saƙonsa kuwa yana nan da alama ɗaya, yana jiran tasha.

Ana gobe za ta tafi, surukar ta tashi da wanki. Ta wanke nata, ta kuma wanke duk barguna da zannuwan gadon tsoho, don kada ta bar shi da datti. Ta gama shanya ke nan hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ta kwaso kayan da gudu. Babu inda ya fi falo faɗi, sai ta ɗaura igiya daga ƙarfen taga zuwa ƙusar bango, ta rataye barguna, ta shimfiɗa wasu a kan kujerun leda, ta lulluɓe kabad ɗin gilashi da zanen gado. Jakunkunan kayanta ma ta jingine su a kusurwa.

A cikin ruwan nan Mai Gyara ya shigo da buhu a ka, ya ce ya zo karɓar sukuddirebarsa, ba wurin kowa ya zo ba. Ruwa ya hana shi komawa. Suka zauna a falo tsakanin barguna masu ɗiga, kowa na kallon gefe. Don ya sami abin yi da hannunsa, Direba ya danna saƙon tukunya.

Yaron ya shigo ɗakin. Ba ni da wata hanyar faɗa muku sai wannan. Muryar ta dawo da kaurinta da taushinta, dariyar ta zama dariya.

Tsofaffin biyu suka dubi juna. Direba ya miƙe ya janye bargon da ke fuskantar lasifikan, ya yaye zanen da ke kan gilashi, ya sake dannawa. Tsinin ya leƙo. Ya mayar da su. Tsinin ya ɓuya. Mai Gyara ya fita baranda mai tayil ya tafa hannu, sautin ya yi tsalle ya dawo da ƙara. Ya shigo cikin barguna ya tafa, sautin ya faɗi a inda yake.

"Ɗakin ne," in ji shi. "Da kafet da labule ke shanye kaifin. Yanzu murya na fitowa ta bugi tayil, ta bugi gilashi, ta bugi bango, ta dawo maka a wase. Shagona kuwa duk tsumma ne." Ya leƙa gaban injin. "Wa kuma ya kai wannan maɓalli ƙarshe? Ni a shago ban ko dube shi ba."

Mai Gyara ya dubi Direba, sannan ya nuna akwatunan.

"Ga su kuma ka auna su a kunnenka kamar za ka kashe wa mai tahowa ido da fitila. Karkatar da su kaɗan, mutumin Allah, ba titi ba ne."

Mai Gyara ya mayar da maɓallin zuwa tsakiya, suka ɗan buɗe bakin akwatunan suka kalli gaba maimakon kujera. Direba yana tsaye yana jin wata doka tasa tana masa gizo. Duk yaran motar da ya koya wa aiki ya gaya musu: in mota ta fara sabon kuka, kada ka zagi mota, tambayi abin da aka taɓa na ƙarshe. Shi ya tambayi kowa da komai, ban da wannan.

Sannan ya nemo saƙon farko na bayan asibiti. "Baba, sannu da jiki." A wannan karon ya ji abin da kaifin ya rufe. Muryar yaron tana rawa. Kafin "ka riƙa shan maganinka" akwai wani ɗan tsayawa, irin na mai haɗiye kuka. "Don Allah" ɗin kuwa roƙo ne.

Mai Gyara ya ga abin da ke fuskar abokinsa, sai ya shiga neman sukuddirebarsa a ƙarƙashin kujera, inda ya san ba ta nan.

"'Yar nan," in ji tsoho. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da kwando a hannu. "Akwai wani saƙo da na tura. Ana iya janye shi kafin ya isa?"

Ta karɓi wayar ta duba. "Alama biyu ce, Baba. Ya isa tun da safe."

Magana zarar bunu ce. Tsoho ya zauna a kan jiƙaƙƙen bargo bai ma sani ba.

"Ba ki san abin da ke ciki ba."

"Na sani, Baba. Tun da aka sa tayil, duk abin da aka faɗa a falon nan har kicin yake zuwa."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ce, "Zancen gareji fa?"

"Ni na gaya masa. Ya ce in rantse ba zan ɓoye masa komai na jikinka ba. In ka sake shiga ma zan sake gaya masa. Amma ban taɓa ce masa ka zama kaya ba."

"Wannan ni na ce," in ji Mai Gyara daga ƙarƙashin kujera. "Ki yafe wa tsohon banza."

Direba ya karɓi wayar. A zaune ya yi wannan saƙon, a tsakiyar barguna, ruwa na zuba a waje. Bai iya dogon bayani ba. Ya ce falo ne ya yi ƙarya shi kuma ya gaskata, ya ce matar yaron ba ta da laifi, ya ce yana shan magani, wani lokaci. Sannan ya ce, "Ka ƙarasa mini labarin mai tukunyar nan, ko ya ƙone."

Kafin ruwa ya ɗauke amsa ta shigo. Ya daɗe yana kallon wayar, sai da surukar ta miƙa hannu ta danna masa.

"Baba, na ji duka biyun. Na farkon na ji shi tun safe, ban iya cin abinci ba. Ni ma tun da ka dawo daga asibiti muryarka take zuwa mini kamar kana cikin rijiya kana faɗa. Na ɗauka fushi kake don mun taɓa falon Mama, shi ya sa nake gajarta magana kada in ƙara. Wannan na biyun ne na ji babana. Mai tukunya bai ƙone ba, amma har yau ba ya gaishe ni."

Mai Gyara ya fyace hanci ya ce sanyin bargunan nan zai kashe mutum.

Washegari duk da haka surukar ta tafi gidansu. Ta ce ta riga ta gaya wa mahaifiyarta tana zuwa, kuma wanda aka ce ya je ya huta ai sai ya huta. Tsoho bai hana ta ba, ya san abin da ya shuka. Ya zauna shi kaɗai da magungunansa har ya gane ba zai iya bambanta na safe da na yamma ba. Ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki Mai Gyara ya yi masa rakiya, ya je da ƙafarsa ya ba ta haƙuri a gaban iyayenta. Sai da ta bari ya gama maganarsa tsaf kafin ta ɗauko jakarta.

Da suka dawo ta buɗe wani akwati a ɗakinta ta fito da labulayen marigayiya. Ashe ba ta yar da su ba, ta wanke ta ninke ta ajiye. Aka tambayi likita, ya ce in za a riƙa wanke su a kai a kai babu damuwa. Aka mayar da su taga, aka shimfiɗa darduma mai wankuwa a gaban lasifikan, aka matsar da kabad ɗin gilashi bayan ƙofa.

Surukar ta zauna a gidan har mijinta ya dawo, kuma ba ta daina kai rahoton gareji ba. Yaron ya yi wata tafiyar, daga baya ya sami aiki a tudu ya bar teku. Mai Gyara yana nan a shagonsa, har yanzu yana cewa a sayar masa da akwatunan, har yanzu ana hana shi. Direba kuwa ya rayu shekaru bayan haka, ya koma sa waƙa da yamma, maɓallin siririn sauti yana tsakiya da ɗigon jan fenti a kansa.